Tayar Gaba, Sabuwar Zuwa

Sunana Rabi, zane nake sayarwa a kasuwar Gaya. Abin da zan faɗa labarin ƙafar maigidana ne ta dama, kuma saboda matan masu moto na zauna na rubuta shi, ko kunnen wata zai ji jikin mijinta ya tsira. Ba na faɗin sunansa. A tasha Dogo suke ce masa, ni kuwa Malam nake cewa. Babbar moto, wato babur, ke gare shi a lokacin, irin mai nauyin nan da in ta faɗi sai maza biyu sun tashe ta. Da ita yake ɗauko buhunan shinkafa da dawa daga Bengou da ƙauyukan gefenta, da ita muke ci, da ita yaranmu uku suke zuwa lekol, wato makarantar boko.

Tayar gabanta ce ta cinye har zare ya fara leƙowa. Ranar da zan tsallaka Malanville sarin atamfa sai ya miƙo mini 'yar takarda da Illa mai faci ya rubuta lambar taya a kai, ya haɗa mini da kuɗi.

"Ki nuna musu wagga lamba," ya ce. "Ta gaba ce hwa, Rabi, kuma sabuwa nike so. Ta baya in ta hwashe mutum na iya tsayawa, ta gaba ba ta shawara da kowa."

"Malam, ni za ka koya wa kasuwa?"

Ya yi dariya ya ce wane shi.

Ba zan ɓoye ba, ni mace ce mai ji da iya ciniki. In mai kaya ya ce goma, sai na ga kamar zagina ya yi in ban mai da shi shida ba. Shagon farko da na shiga suka fito mini da taya a naɗe cikin leda, suka ce jaka ashirin da shida, ba ragi. Na yi magiya, na yi fushin ƙarya, na fita na dawo, mutumin ko gezau. Kuma ni a idona tayar ba ta ma burge ni ba, zanenta 'yan layuka ne kawai. Na yi tsaki na wuce.

Can ƙarshen layi, ƙarƙashin wata rumfa, na hango ta. Baƙa wuluk, tana ƙyalli, zanenta mai zurfi a jere kamar kitson sallah. Na gwada lambar da ke jikinta da ta takarda, suka yi daidai. Na ce a raina, zane dai ai zane ne, ni da na kwana na tashi cikinsa ba a yi mini wayo a kai.

"Sabuwa ce?" na tambayi mai rumfar.

"Hajiya, sabuwar zuwa ce. Jiya anka sauke ta daga Kwatano."

Ina so a ji ni da kyau a nan, domin nan ne duk abin ya faro. Na ji kalmar "zuwa". Ban kurumce ba. Ni kaina na sha gaya wa mata cewa atamfa sabuwar shigowa ce, alhali na san ta shekara biyu a shagon wani a wani gari. Na san abin da ake nufi in an ƙara wa "sabuwa" wutsiya. Amma ya ce sha huɗu, na ja shi har sha ɗaya, daɗin cin nasara ya rufe mini ido. Muna cikin kwalekwale a tsakiyar kogi, tayar na jingine da gwiwata, na yanke cewa ba sai na kai wannan wutsiyar gida ba.

Na iske Yaya Hajo, yayar Malam, ta zo daga Yélou. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun aurenmu ba ta taɓa yaba ko tuwona ba. Na jingine tayar a gabansu, na zube sauran kuɗin a kan tabarma.

"Sabuwa ce?" Malam ya tambaya.

"Sabuwa," na ce.

Yaya Hajo ta shafa zanen da yatsa, ta dubi kuɗin, ta ce, "Kai, Rabi ta san kasuwa." Ranar har miya na ƙara wa nama. Da safe ya kai wa Illa ya ɗaura.

Kwana goma sha tara tayar ta yi. Rana tsaka, lokacin zafi, ina cikin auna wa wata mata yadi, waya ta yi ƙara. Wani abokin aikinsa ne, Mamman, yana haki. Malam ya taho da buhu uku, a wata gangara shanu suka yanko hanya, ya kama birki, tayar gaba ta fashe. Moto da buhunan duka a ƙafarsa suka sauka. Ban san yadda na bar rumfa ba, takalmi ɗaya aka biyo ni da shi.

A asibiti na same shi kwance, wandonsa a yage, ƙashin ƙwaurinsa ya huda fata ya fito fari fat. Ban taɓa sanin ƙashin mai rai haka yake da fari ba. Suka wanke ciwon, suka yi masa allura, suka ɗauki hoton ƙashi, wanda su suke ce wa radiyo. Majo, wato babban mai jinyar wurin, ya ɗaga hoton a taga ya nuna mana: karaya biyu, kuma mai baki ce, ƙasa ta shiga. Ya ce a yau ɗin nan a wuce da shi babban asibiti a yi masa aiki.

Yaya Hajo ta iso kafin la'asar, ta ce atafau.

"Waɗanga wuƙa kaɗai sunka sani. Kawu Bawa da ƙahwa biyu ya shiga, da guda ya hito. Ga maɗori nan kusa da mu, kakanninshi ma ɗori sunka yi."

Dangi suka mara mata baya. Malam zafi ya gigita shi, cewa kawai yake, "Duk yadda kunka gani." Majo ya dube ni, ni matarsa, yana jiran in yi magana. Kuma ni mai bakin nan, wadda ba a taɓa kayar da ni a ciniki ba, na sunkuyar da kai. Gani nake wadda ta sayo tayar ba ta da bakin cewa komai. Aka dangwala yatsansa a takarda muka fita da shi.

Sati na farko a gidan maɗori bai yi muni ba. Dattijo ne mai sanyin hali, ba zan yi masa ƙarya ba, a gabana wata mata da ta karye a hannu ta warke ta tafi. Ya ja ƙafar, Malam ya yi ƙarar da har yau ina jin ta, ya shafa man shanu da garin magani, ya jera karare ya ɗaure. Sannan ya sa aka kawo kaza, ya karya mata ƙafa ya ɗora ta ita ma. Ya ce ranar da kazar ta taka, mai ita ma ya kusa takawa. Kullum da safe kafin in duba mijina sai na leƙa kaza.

Masu dubiya kuwa ba a magana. Allah ya saka musu, sun zo da fura da goro da addu'a, amma kowa da maganinsa a aljihu. Wannan ta ce a shafa toka, wancan ya ce a turara saiwa, wani ya ce baki ne, an cika cewa Dogo ya samu. Har aka fara raɗe-raɗin cewa Mamman ne ya yi masa sammu don ya gaje masu ba shi kaya. Ina zaune ina fifita, ina jin ana cin naman bawan Allah da ya ɗauko shi daga bakin hanya a kafaɗarsa, ban ce uffan ba. Cikin duk masu zuwan nan babu wanda ya tambayi taya.

A sati na biyu zazzaɓi ya shigo. Da rana jikinsa kamar garwashi, da yamma ya kama rawar sanyi. Ƙafar ta kumbura har kararen suna shiga cikin nama. Kwana na tara na fara jin wari. Na ce ko kazar ce, na matsar da kejinta, warin bai matsa ba. Ƙudaje suka gane mu. Yaya Hajo ta ce dauɗa ce ke fita, alamar sauƙi ce. Kwana na goma sha biyu kaza ta miƙe ta taka, har da tonon ƙasa, dangi suka yi ta hamdala. A ranar na lura yatsun Malam biyu sun fara duhu, kuma da na taɓa su sanyi ƙalau.

Washegari na ce zan je Gaya in ɗebo tufafi in ga yara. Ƙafata ce ta kai ni rumfar Illa, inda aka ajiye moton. Tayar na jingine a bango, ta tsage kamar an sa mata almakashi. Ya yi mini sannu da jiki, na ce ya nuna mini abin da ya kashe ta.

Ya ɗauko ta ya lanƙwasa gefenta da hannu biyu. Ƙananan tsagogi suka buɗe ko'ina, irin na faso a diddige.

"Kin gani? Roba ta tsuhwa, an shahe ta da baƙin mai don ta yi ƙyalli. Wanga zane kuma ba na kamfani ba ne. Ta cinye sumul, sai anka sa wuƙa mai zahi anka sake yanka mata wani. Sa yatsa ki ji."

Na sa. Bakin zanen kaifi gare shi, ƙasansa kuwa saura kamar bayan albasa a kai ga zare. Ya nuna mini wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, ya ce biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta ce. Da ya lissafa, tayar ta girmi 'yata ta fari, wadda ke shirin gama firamare.

Raina ya ɓaci, na nemi wanda zan ɗora wa. "To kai da ka san duk wannan, don mi ka ɗaura mishi?"

Illa ya goge hannu da tsumma. "Wagga tambaya maigidanki za ki yi wa, ba ni ba," ya ce.

Ban tsaya tufafi ba. Na kwance turmi huɗu na atamfa mafi tsada na bai wa maƙwabciyar rumfata a farashin da da can ko a mafarki ba zan yarda ba, na ɗauki shatar mota na koma. Na iske Yaya Hajo tana dama kunu.

"Yaya, yau za mu tahi da shi."

"Da izinin wa? Kaza ta taka, ke ba ki gani ba?"

"Na ga kaza. Ki zo ki ga yatsun ƙanenki."

Muryata har maƙwabta. Na faɗi maganganu da ba a faɗa wa yayar miji, na kuma nemi gafararta daga baya. Hayaniyar ce ta fito da maɗorin. Ya tsaya ya ce, "Ku bar ta ta kai shi. Tun shekaranjiya na gaya wa yayarshi wagga ta hi ƙarhina." Na juya na dubi Yaya Hajo. Ta ajiye ludayi ta fashe da kuka, tana cewa ita tsoro take ji, ita ta goye shi, ba ta son ta ga an rage shi. Nan na gane ba ni kaɗai ke ɓoye magana a gidan ba. Tare muka ɗauke shi muka sa a mota.

Washegari a babban asibiti mun shiga layi tun hantsi, ba a kai gare mu ba sai bayan azahar. Ba don wulaƙanci ba, mutane ne kamar ƙasa, rabinsu kuma 'yan moto. Likitan siriri ne mai tabarau. Da aka kwance kararen, mai taimaka masa ya kau da kai. Likita ya yi magana da Faransanci, ni ban yi nisa a lekol ba, amma kalma ɗaya ta maƙale mini don ya faɗe ta sau uku: ampite. Na ja rigar mai jinya na ce mene ne ampite. Ta dube ni ta ce, "Yankewa."

Sai likitan ya juyo da Hausa. Ya ce da mun ƙara kwana uku da ba sauran magana. Zai buɗe ya kwashe abin da ya mutu, ya sa ƙarfe, ya jira kwana goma. In yatsun sun yi ɗumi, ƙafa ta tsira. In ba su yi ba, daga ƙasan gwiwa. Bai yi mana faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Aka ce ana son jini. Kafin in gama tunanin wa zan kira, sai ga Illa da Mamman sun sauka daga mota, Mamman ɗin nan da aka ce shi ya yi sammu. Jininsa ne ke yawo a jikin Malam yanzu. Yaya Hajo, da bakinta na cikin masu maganar sammun, ta kasa haɗa ido da shi, ta dai tura masa kwanon fura.

An yi aikin. Ya fito da ƙarafa a wajen ƙafa, sun huda fata sun riƙe ƙashi. Kullum da safe akwai fansama, wato wankin ciwo da sake ɗauri, kuma nan ne na ga babban mutum yana cizon zanena don kada ya yi ihu a gaban mata. Kullum kuma da sabuwar takardar magani. Na daina tambayar kuɗi da jaka, da turmi nake aunawa: wannan allura turmi ɗaya, wancan hoto turmi biyu. Rumfata ta yi ta ramewa a Gaya ina nan. Yaya Hajo a gindin bishiya take shimfiɗa tabarma tare da sauran masu jinya, ita ke dafa mana abinci, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ni kuwa aikina yatsu. Kafin in yi masa sannu sai na kama su, kuma kwana biyar a jere sanyi nake ji.

Rana ta shida da la'asar, Yaya ta tafi sayen gawayi, ina yi masa fifita, na ji ba zan iya ƙara kwana da abin ba.

"Malam, tayar nan ba sabuwa ba ce. Mai ita sabuwar zuwa ya ce mini. Na ji shi sarai, na zo na ce maka sabuwa."

Na ce a raina yau aurena ya ƙare, kuma ban ga laifinsa ba.

"Na sani," ya ce. "Illa ya nuna mini tun ranar. Ya ce kada in hau ta da kaya."

"Ka sani? To don mi ka hau?"

"Shekara nawa kina jiran Yaya ta yaba miki? Na ga huskarki ranar. In na mai da tayar, sai ta ji, sai ta yi ta faɗi har jikoki. Na ce bari in lallaɓa wata guda, in sake ta a ɓoye, ba wanda ya ji."

Na so in yi masa masifa, wallahi na so. Wane irin mutum ne zai ɗora buhu uku da ransa a kan kunyar matarsa? Amma sai na kifa kaina a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba tun ranar haɗarin, har mai jinyar gadon kusa ta zo tana ba ni haƙuri, tana zaton an ce za a yanke ne.

Rana ta takwas na ji kamar babban yatsan ya yi ɗumi, na ƙi gaya wa kowa don kada in zama mai kaza ta biyu. Rana ta goma likita ya zo, ya dudduba, ya cire biro daga aljihu ya soka a tafin ƙafar. Malam ya ce, "Wash!" Likita ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce ƙafa ta zauna. Sai dai ƙashin da aka kwashe ba ya dawowa, za ta fi 'yar'uwarta gajarta da kamar yatsa uku.

Wata biyu muka yi a can, ƙarafan kuma sun kai wata biyar a jikinsa. Ya koyi tafiya da sanda biyu, sannan ɗaya. Moton an sayar, ba zai ƙara iya tokare mai nauyi irinta ba. Yanzu awon hatsi yake a tasha, abokansa na tsokanarsa wai Dogo ta hagu, Gajere ta dama. Yana dariya. Ni ba na yi. Yaya Hajo kuwa, na gaya mata gaskiyar tayar da bakina, ta ce kowa ya ɗauki nasa. Ta je har gida ta nemi gafarar Mamman.

'Yan'uwana mata, da ku maza masu aike, ga abin da na saya da tsada, ku karɓa kyauta. Tayar gaban babbar moto ba a zaɓenta da kyan zane. Lamba ta yi daidai, wannan ɗaya ne, amma bai isa ba. A lanƙwasa gefenta a duba faso. A nemi lambobi huɗun nan a san shekarunta. Sabuwa ta gaskiya tana da 'yan gashin roba a jikinta, kuma mai ita ba ya yi wa sunanta wutsiya. In mai faci ya ce kada a hau, kada a hau, ko ran wa zai ɓaci. Karaya kuma in ƙashi ya leƙo waje, ba ta ɗori ba ce. Araha ba ta ado, na sha faɗa wa masu sayen zanena, ashe ni ban ji ba.

Da aka ce sai an yi wa Malam takalmi mai tudu a dama, sai ya aika wurin Illa aka kawo tayar. Na ce ya bari in saya masa na kirki, ya ce a'a, ai an riga an biya kuɗinta, kuma a nan ba ta da inda za ta fashe. Baduku ya yanka ta, ya jera falle huɗu a ƙafar dama, ɗaya a hagu. Da shi yake fita kullum.

Tsakar gidanmu rairayi ne. Kowace safiya in ya tafi tasha, ni ke shara. Tun daga ƙofar ɗaki har zaure sawunsa ne a jere, na dama ya fi nutsewa, kuma a cikin kowanne ga zanen nan da na zaɓa da idona, raɗau, mai kyau kamar ranar da na gan shi. Nakan share shi tas, gobe ya dawo.